Wasan Dodgers: in riƙe rediyo ko in biya kuɗin talabijin?

Direban Dare:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni sanin wasan besbol. Shekarata shida a Los Angeles, tuƙi nake yi, yawanci daga la'asar zuwa ƙarfe biyun dare. Ban taɓa kula wasan nan ba sai daren 25 ga Oktoban 2024. Na ɗauko wani dattijo daga filin jirgi, ya roƙe ni in kamo masa AM 570, ashe wasan farko ake yi na World Series, jerin wasannin ƙarshe na cin kofin gasar, tsakanin Dodgers, ƙungiyar garinmu, da Yankees. Muna kan hanya aka shiga zagaye na goma, Freddie Freeman ya narka wa ƙwallo sanda ta tsallake katanga, mutum huɗu suka shigo gida a tare, wasa ya tashi 6 da 3. Dattijon nan ya fashe da kuka a kujerar baya. Ni ko rabin abin da mai sharhin ya faɗa ban gane ba, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Tun daga ranar ban sake sauya tasha ba. Ga kuma ɗana mai shekara tara, ba shi da zance sai na Ohtani, ɗan wasan Dodgers, kuma ina son in ya yi magana in iya ba shi amsa. Matsalata biyu. Ta farko, mai sharhi yana ta jero lambobi, biyu da ɗaya, uku da biyu, shida-huɗu-uku, ban san me suke nufi ba. Ta biyu, wani abokin aikina ya ce ko na biya kuɗin kallon gasar ta intanet ba za a nuna mini Dodgers ba, wai don ina zaune a garinsu. Da gaske ne? Ta yaya na nesa zai kalla, na kusa a hana shi?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka saki rediyon nan. Ni ma a mota na koya, kuma har yau in an ba ni zaɓi kunne nake ba wasan.

Lambobin da suke ruɗa ka su ne ƙashin bayan sharhin. Ta farko ita ce yawan jifan da suka kauce wa hurumin mai bugu kuma bai kai musu sanda ba, ta biyu ita ce yawan jifan da suka ci shi. In ta farko ta kai huɗu, ya tafi zangon farko a kyauta. In ta biyu ta kai uku, ya fita. Saboda haka in ka ji uku da biyu, kowa ya kai bango, ka ƙara murya. In ka ji uku da sifiri, mai jifa ne a cikin tsaka mai wuya. Mutum uku suka fita, ɓangarorin su yi musanya, haka har zagaye tara, sai in an yi kunnen doki a ƙara. Shida-huɗu-uku kuwa lambobin wuraren tsaro ne: na shida, mai tsayawa tsakanin zango na biyu da na uku, ya cafe ya jefa wa na huɗu a zango na biyu, shi kuma ya jefa wa na uku a zangon farko, an fitar da mutum biyu da bugu ɗaya. Ka yi mako biyu kana bin wannan kawai, sauran zai zo da kansa.

Abin da ya sa nake cewa rediyo, wasan nan yana da numfashi. Tsakanin jifa da jifa akwai fili, a cikin filin ne mai sharhi yake zana maka inda kowa ya tsaya, da yadda iska take kaɗawa, da abin da mai bugun ya yi a fitowarsa ta baya. Na talabijin ya san kana gani, ba ya wahalar da kansa da wannan. Na rediyo kuwa shi ne idonka. Red Barber, wanda ya yi sharhin wasan manyan ƙungiyoyi na farko da aka nuna a talabijin ranar 26 ga Agustan 1939 a Ebbets Field, yakan ajiye ɗan agogon yashi na minti uku a gabansa. Duk lokacin da yashi ya tsiyaye sai ya maimaita maki, saboda wanda ya kunna yanzu. Direba irinka aka yi wa wannan ɗabi'a.

Kuma ka yi sa'ar gari. Da Dodgers suka taso daga Brooklyn a 1958, a Coliseum suka fara wasa, filin da ba don besbol aka gina shi ba, kujeru can nesa. Sai mutane suka riƙa zuwa da 'yan ƙananan rediyo, suna zaune a fili suna sauraron mai sharhi Vin Scully yana faɗa musu abin da ke faruwa a gabansu. Kaka 67 ya yi yana wannan aiki, daga 1950 zuwa 2016. Na same shi a shekarunsa na ƙarshe, shi kaɗai a ɗakin sharhi babu abokin hira, ana haɗa zagaye ukun farko a rediyo da talabijin lokaci guda. Abin da ya fi burge ni da shi, ya san lokacin yin shiru. In abu babba ya faru sai ya ja bakinsa ya bar maka ihun jama'a. Ka nemi sharhinsa na ranar 8 ga Afrilun 1974, da Hank Aaron ya tsallakar da ƙwallo katanga karo na 715 ya wuce tarihin Babe Ruth, za ka ji abin da nake nufi. Allah ya sa ɗanka ya gaji son wasan.

Maman Sadik:

Malam, abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka, gara da ka tambaya kafin ka biya. An raba ƙasar yanki-yanki, kowace ƙungiya da nata, kuma ita ke sayar da haƙƙin nuna wasanninta a yankinta. MLB.TV, wato tsarin kallon gasar ta intanet, an yi shi ne don na nesa. Mutumin New York zai ga Dodgers kai tsaye, sai dai ranar da suke wasa da Yankees ko Mets. Kai da ke Los Angeles za a rufe maka Dodgers da Angels, ko a gida suke wasa ko a waje, sai bayan an tashi a buɗe maka maimaici. Mutanen Iowa ma sun fi ka shan wuya: ba su da ƙungiya ko ɗaya a jiharsu, amma shida aka rufe musu, Cubs, White Sox, Brewers, Twins, Cardinals da Royals.

Dalili kuɗi ne. Tashar SportsNet LA da aka buɗe a 2014 ta tsaya ne a kan yarjejeniya da Time Warner Cable ta shekara 25, dala biliyan 8.35. Wanda ya zuba wannan dukiya ba zai yarda ka samu wasan ta wata ƙofa ba. Da irin kuɗin nan ne ake biyan manyan 'yan wasa. Amma akwai abin da ya jawo: kaka shida cur, daga 2014 zuwa 2019, gidaje da yawa a garin ba su samun tashar saboda an kasa daidaitawa kan farashi da sauran masu rarraba tashoshi, sai a Afrilun 2020 DirecTV ya ɗauka. Shekarun Scully uku na ƙarshe a ciki suka faɗa, wannan ya yi wa tsofaffin masoya ciwo ƙwarai.

Yanzu abin ya sassauta. Daga kakar 2025 akwai SNLA+, wato SportsNet LA ɗin ta intanet, wanda mazaunin yankin zai iya biya ta intanet ba sai da kebul ba. Sai dai ka sani ko shi ba zai ba ka duk wasa 162 ba, domin wasu na Juma'a Apple TV ke da su tun 2022, wasu kuma Fox. In aka shiga wasannin fitar da gwani, tashoshin ƙasa ne kaɗai ke nunawa. Rediyo kuwa ba a rufe shi, kuma masu sharhinku na gida suna nan har wasan ƙarshe.

Ɗan Arewa a Ohayo:

Baban Hanifa, da girmanka, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Rediyo ya dace da direba, amma yaro ɗan shekara tara sai ya gani. Ba yadda za a kwatanta masa jifan da ya taho kai tsaye sannan ya nutse a gaban sanda, sai kyamarar da ke bayan mai jifa ta nuna masa, a sake maimaitawa a hankali. Kuma wasan ba shi da tsawon da: tun da aka sa agogon jifa a 2023, matsakaicinsa ya sauko daga sama da awa uku zuwa kusan awa biyu da minti arba'in, yaro zai iya zama har a tashi.

Abu ɗaya, yaya Direba: kada ka kunna rediyo da kallon intanet tare kana son su daidaita. Rediyon AM yana riga hoton, za ka ji ihu tun ƙwallon tana hannun mai jifa a allo.

Baban Hanifa:

Maganarka a kan yaron gaskiya ce, ƙanena, na karɓa. Amma uban nasa yana bakin sitiyari ne a lokacin da ake wasa. Kuma bari in ƙara maka ɗaya, Direba: wata rana ka murɗa zuwa 1020 AM ka ji sharhin Sifaniyanci. Jaime Jarrín, ɗan asalin Ekwado, ya riƙe shi daga 1959 har 2022, kuma shi ya riƙa yi wa mai jifan Dodgers Fernando Valenzuela tafinta a 1981. Baƙi irinmu da yawa ta harshensu suka shiga wasan nan. Duk lokacin da na ji tashar sai in yi fatan wata rana a samu mai yi da Hausa.

Direban Dare:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, jiya na gwada, daga zagaye na huɗu zuwa na bakwai ban ɓata ba ko sau ɗaya, har na san mai jifa ya shiga uku kafin a cire shi. Hajiya, kin cece ni daga biyan abin da ba zai amfane ni ba. Shawarar da na yanke, zan biya na wata ɗaya saboda yaron, mu kalli na Lahadi tare tunda ba na fita aiki ranar, sauran kwanakin kuma ni da 570. Saura tambaya ɗaya: na ji an ce mai jifa ya yi kuskure an ba mai gudu zango a kyauta alhali bai ma saki ƙwallon ba. Wane laifi ne wannan?