Janareta ya ƙona ƙanena a shago, muna da hakki a doka?

Sani Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena mai aski ne a Agege, Legas. Ya sayi ƙaramin janareta a kasuwar Alaba, irin wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Ranar Asabar shago ya cika, mai ya kusa ƙarewa, sai ya ɗura fetur inji na aiki don kada ya bar mutum da rabin aski. Wuta ta tashi ta ci hannunsa na dama har gwiwa. Yanzu ko almakashi ba ya iya riƙewa. Abin da ke ci mini rai, tun ranar da aka kawo janaretan tiyon mai yake ɗiga. Ya gaya wa wanda ya sayar masa, aka ce masa zai daina. Za mu iya neman diyya?

Alhaji Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Malam Sani, ba a zuba wa janareta mai sai an kashe shi ya huce. Nan mai kayan zai laɓe.

Maman Khalifa:
Alhaji, hakane, amma magana ba ta ƙare a nan ba. Dokar kare masu sayen kaya ta tarayya ta 2018 ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibi ya jawo a kan wanda ya samar da shi, kuma mai sayarwa ba ya tsira don kawai ba shi ya ƙera ba. Sakacin wanda ya ji rauni ba ya kashe ƙara gaba ɗaya. Alƙali yana rage diyya ne gwargwadon laifinsa. Abin da za a tono shi ne: daga ina wutar ta kama, bakin tanki ko man da ke ɗiga ƙasa? Don Allah kada a gyara janaretan, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A adana rasit, hotunan ƙunar da takardun asibiti. Ku kai koke hukumar kare masu sayen kaya ta jihar Legas (LASCOPA) ko ta tarayya (FCCPC), ku kuma ga lauya da wuri, don ƙarar rauni tana da wa'adi.

Sani Agege:
Na gode Hajiya. Rasit yana nan, har saƙon muryar da ya tura wa mutumin ta WhatsApp kan ɗigar bai goge ba. Wane irin makanike ya kamata ya duba tiyon, wanda kotu za ta karɓi bayaninsa?