Firjina yana gurnani, ya yi "ƙas", ya yi shiru: injin ne ya mutu?

Mai kunun aya, Kurna:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Firjin da nake sa zoɓo da kunun aya na sayarwa ne ya daina sanyi tun shekaranjiya. Ƙwan ciki yana kamawa. In na jona shi sai in ji gurnani ta baya na ɗan lokaci, ya yi "ƙas", shiru. Bayan minti biyu ko uku ya sake, haka yake kwana yi. Na kai hannu kan baƙar tukunyar nan ta ƙasa, zafi kamar dutsen guga. Jiya roba 40 na kunun aya suka yi tsami, da hannuna na zubar. Wani mai gyara ya zo, ko bayan firjin bai leƙa ba ya ce kwamfreso, wato injin da ke cikin tukunyar nan, shi ne ya tafi, a sayo wani. Da firjin nan nake biyan kuɗin makarantar yara, shi ya sa nake so in ji ta bakinku kafin in ci bashi.

Mai gyaran firji, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara cire shi daga soket yanzu, barin sa yana ta gwadawa shi ne zai ƙona injin da gaske. Wannan "ƙas" ɗin obalod ne, ɗan abin da ke kare injin daga ƙonewa, ke yanke wuta saboda injin ya ja wuta da yawa bai tashi ba. Sau da yawa laifin rilay ne, ɗan abin da ke ba injin turin farko. In tukunyar ta huce, a gefenta akwai murfin roba baƙi. A buɗe, za a ga rilay da obalod a kan ƙafafu uku. A ɗauki hoton wayoyin tukuna, sannan a zare rilay ɗin a girgiza shi kusa da kunne. In yana kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, farantin cikinsa ya farfashe. A tafi da shi kasuwa a sayo irinsa sak.

In an sa sabo bai tashi ba, mai gyara ya ɗora mita a ƙafafun nan bibbiyu. Awo uku zai samu, ƙananan biyu in an haɗa su sai su ba da babban. Kuma kada ki yarda a ce gas ne. Firjin da gas ɗinsa ya zube injinsa gudu yake ba tsayawa, sanyin ne babu.

Uwargida daga Rigasa:
'Yar'uwa, ki duba ƙarfin wutarku ma. Nawa haka ya yi min bara da zafi. Firji 220 zuwa 240 yake so, tamu kuwa da magariba sai ta sauka 160, fanka ma da ƙyar take juyawa. Sitabilaiza mai jinkiri na saya, wadda ke jira minti uku kafin ta saki wuta. In an ɗauke aka dawo da ita nan take, ki ba shi minti biyar kafin ki jona.

Mai gyaran firji, Sabon Gari:
Gaskiya ta faɗa. Ƙari ɗaya, Hajiya: duk wanda ya ce zai cire obalod ya haɗa waya kai tsaye, ki hana shi. Ki kuma duba takardar da ke jikin injin, in an rubuta R600a to gas ɗin mai kama wuta ne, kada a kusanto da walda sai a hannun wanda ya san aikin.

Mai kunun aya, Kurna:
Allah ya saka muku da alheri. Babban ɗana ya zare rilay ɗin da safe, yana girgizawa har baƙin gari ya zubo masa a tafin hannu, ga ƙaurin ƙuna. Ya sayo wani, aka sa, injin ya tashi a gwaji na farko. Yanzu da la'asar na taɓa bangon ciki, ya fara raɓa. Malam, sitabilaiza mai wane ƙarfi ya kamata in nema? Firjin mai ƙofa biyu ne.