Auna ingancin rayuwar sojojin ruwa

Ɗalibi, Samaru: Malamai, ina rubuta kundin digiri a Jami'ar Ahmadu Bello kan ingancin rayuwar sojojin ruwa. Wace hanya ce ta fi dacewa wajen tattara bayanai?

Malama, Kongo: Ɗana, ka ɗauki takardar WHOQOL-BREF ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambayoyi 26 kan lafiyar jiki, kwanciyar hankali, zamantakewa da muhalli.

Tsohon soja, Sabon Gari: Ka nemi izinin rundunar tukuna. Kada ka tambayi suna ko lambar aiki, kuma kada hafsa ya raba takardun, domin ƙaramin soja ba zai bayyana damuwarsa a gaban shugabansa ba.

Malam, Tudun Wada: Ka ware masu aiki a teku daban, ka tambaye su batun barci da kewar iyali.