Ruwa na tsattsafowa ta ƙasan ɗakinmu, don Allah a ba ni shawara

Salamu alaikum jama'a, masu sanin harkar gini ku taimaka min don Allah. Gidanmu a Kano yake, filin da can kududdufi ne aka cike aka yi gini, to da damina ta kankama wajen Agusta sai ruwa ya dinga tsattsafowa ta ƙasan tayil, ba yoyon kwano ba ne wallahi mun duba. Bango ya jiƙe har kusan gwiwa, fenti duk ya ɓare ga wani farin abu kamar gishiri yana fitowa, katifa sai warin danshi, yara har tari suke da dare.

Magini ya sake filasta da siminti mai hana ruwa amma ruwan gefe kawai ya koma ya ɓullo. Yanzu wani ya ce a fasa daɓen a shimfiɗa leda a sake zuba kankare, wani kuma ya ce a haƙa rami kewaye da fandisho a sa tsakuwa da bututu mai huji ruwan ya samu hanya. Wanne zan fara? Kuɗin hannuna ba yawa, kuma sokawe ɗinmu na jikin ɗakin, ko shi ke jawo mana?