Yara su share lakwal da kansu, su raba abinci kamar a Japan: zai yiwu a Maradi?

Sakataren CGDES

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ni ne sakataren CGDES, wato kwamitin da ke kula da tafiyar lakwal ɗinmu. Lakwal ɗinmu firamare ce a gefen gari, aji shida daga CI zuwa CM2, yara wajen 300. Aji huɗu na siminti ne, biyu na zana. Muna da famfo ɗaya da makewayi huɗu. A taron iyaye na shigar lakwal an nuna mana bidiyo a waya: yaran Japan suna goge daɓen aji da tsumma, waɗansu kuma sanye da farar riga suna zuba wa ƴan ajinsu abinci. Iyaye sun rabu biyu. Waɗansu na cewa mu fara tun wannan shekara, waɗansu na cewa karatu suka turo ƴaƴansu, ba aikin shara ba.

Don Allah wanda ya san yadda ainihin tsarin yake ya warware mana. Wane lokaci ake yi, wa ke sa ido, waɗanne kayan aiki ake buƙata? In kuma muna son ƙara da abincin rana ko da kunu ne, tiya nawa za ta ishi yara 300?

Tsohon Direkta

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne sharar tana cikin jadawalin makaranta, tana da lokacinta kamar lissafi ko karatu. A mafi yawan firamare na Japan ana yin ta bayan cin abincin rana, minti 15 zuwa 20, kowa a lokaci guda. Ana kaɗa ƙararrawa, wani wurin a saka kiɗa, kowa ya nufi wurin da aka rubuta masa. Suna kiran ta soji.

Ana raba kowane aji rukuni-rukuni, yara biyar ko shida, kowane rukuni da wurinsa: cikin aji, baranda, matakala, wurin wanke hannu, makewayi. Akwai takarda manne a bango da ke nuna wa ke ina, kuma ana juya ta bayan mako ɗaya ko biyu don kada makewayi ya zama gadon yaro guda. A cikin aji, ana tura tebura gaba ɗaya zuwa baya, a share rabin gaba, a goge, sannan a mayar da su gaba a yi rabin baya. Tsumman gogewa daga gida yara ke kawowa a farkon zango, ana wanke shi a shanya a jikin kujera. Ƴan aji shida su ke zuwa su kama wa ƴan aji ɗaya har hannunsu ya faɗa. Malami kuma yana ciki da tasa tsintsiya. A ƙarshen zango ana yin babbar shara, a taɓa tagogi da lungunan da ba a kai wa kullum.

Abu biyu ya kamata iyaye su sani. Yaran Japan suna cire takalmin waje a bakin ƙofa su sa na ciki, shi ya sa ake iya goge daɓe da tsumma; mu da ƙasa ke shigowa ta ƙofa da taga, tsintsiya ce aikinmu. Sannan makarantunsu na da ma'aikaci babba da ke yin gyare-gyare da aiki mai nauyi ko mai haɗari. Ba yaro ne ke hawa rufi ba.

Ga yadda nake ganin zai zauna a wajenku. Kowane aji: tsintsiya shida zuwa takwas, bokiti ɗaya, buta ɗaya ta yayyafi, abin kwasar shara ɗaya, tsumma biyu na tebur, ɗaya na allo. Ga lakwal gaba ɗaya: baro ɗaya, manjagara biyu ko uku, da rami ɗaya na zuba shara nesa da azuzuwa. A rubuta sunan aji a jikin kowane bokiti da fenti, kuma a tsayar da wurin ajiya mai makulli, domin abin da ke kashe irin wannan tsari tun wata na biyu shi ne ɓacewar kaya: yau tsintsiya takwas, bayan sati uku saura biyu, yara shida na tsaye suna kallo.

Lokaci kuma ku sa shi a ƙarshen yini, minti 15 kafin a tashi. In aka yi shara da safe, ƙura na nan tana yawo a aji har a fara darasi, yara su yi ta tari, masu asma su sha wuya. Da hunturu dole a yayyafa ruwa kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, a buɗe tagogi duka. Yayyafi kawai, kada a jiƙa. In daɓen ya fashe ko na ƙasa ne, ruwa da yawa taɓo zai zama.

Babban abin da za ku hana shi ne mayar da shara horo. Muddin wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa tsintsiya, yara za su ɗauke ta abin kunya, kuma iyayen da ke ƙorafi suna da gaskiya. Malamai su yarda da wannan tun farko, a rubuta shi cikin takardar taro. CGDES ɗinku ma ai yana da alaƙa da Japan: hukumar taimakon raya ƙasashe ta Japan, JICA, ce ta tallafa wa shirin ƙarfafa kwamitocin makarantu da aka fara a jihar Tahoua a 2004, wanda ya kawo zaɓen shugabanni ta ƙuri'ar asiri da tsarin aiki na shekara. Ku sa kuɗin tsintsiya da sabulu cikin wannan tsarin aikin, babban taron iyaye ya amince.

Hajiya ta AME (ƙungiyar iyaye mata ta lakwal)

Malam Direkta ya yi bayani, Allah ya saka. Amma akwai wurin da ya wuce da sauri, kuma nan ne matsalar take. Shara a lakwal ba baƙuwa ba ce a Maradi, yara na yi tun da can, a makarantar allo ma haka. Abin dubawa shi ne wa ke yi. A yawancin lakwal ƴan mata ne ke zuwa da tsintsiya daga gida, su share aji, su ɗebo ruwa, maza na ƙwallo a fili. Yarinyar nan ta riga ta yi shara da wanke-wanke kafin ta fito. In ba a rubuta rukuni maza da mata a gauraye ba, aka kuma tsaya a kai, sabon suna kawai za ku ba tsohon abu. Shugabancin rukuni ma a riƙa juya shi.

Batun makewayi kuwa, Malam Sakatare, ban yarda a kwafi Japan kai tsaye ba. Nasu na ruwa ne mai tayil, namu rami ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce makewayi ɗaya ga ƴan mata 25, ɗaya kuma da wurin fitsari ga maza 50. In yaranku rabi da rabi ne, shida kuke buƙata na mata, uku na maza. Huɗu ga yara 300 za su ƙazantu kafin azahar ko da wa ke wankewa, kuma yaro in ya tarar da ƙazanta bayan ɗaki zai zaga. Ƴan CI zuwa CE2, wato aji ɗaya zuwa huɗu, kada su taɓa wannan aiki. Ƴan CM su zuba ruwa su goge da buroshi mai dogon hannu, da takalmi a ƙafa, babba na tsaye. Ruwan jabel babba ne kaɗai ke haɗawa: in kwalbar ta nuna 2,6%, awo ɗaya na jabel cikin awo huɗu na ruwa, a haɗa na ranar kawai domin yana rage ƙarfi, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanke makewayi, hayaƙin da ke tashi yana ƙona ƙirji.

Sai ruwa. Lita 5 ga kowane yaro a yini ake lissafawa don sha da wanke hannu. Yara 300 ke nan lita 1.500, bido 60 na lita 25. Famfo ɗaya zai iya, amma ranar da aka ɗauke ruwa fa? Ku tanadi tano biyu ko randuna masu murfi. Sabulu kuma a huda shi a rataye da igiya kusa da wurin wanke hannu, in ba haka ba ba ya kwana.

Ma'ajin Kantin

Ni ma'ajin kantin ne, wato wurin ciyar da yara a lakwal, don haka kan abinci zan yi magana, domin shi ne mai nauyi, shara wasa ce a kansa.

A Japan abin ya faro ne a 1889 a wata makaranta a garin Tsuruoka, inda ake ba yaran talakawa dunƙulen shinkafa da kifi. Dokar abincin makaranta ta zo a 1954, kuma ta raba nauyi: hukumar gari ce ke ɗaukar gini, kayan girki da albashin masu dafuwa, iyaye su biya kuɗin cefane. Yaran da kuka gani da farar riga da hula da takunkumi rabawa kawai suke yi, ba su girki. A aji ake ci, malami na zaune tare da su yana cin abin da suke ci. Bayan annobar da abincin makaranta ya jawo a 1996 a birnin Sakai, wadda ta kwantar da dubban yara, aka tsaurara ƙa'ida: a dafa har tsakiyar abinci ya kai digiri 75, shugaban makaranta ya ɗanɗana minti 30 kafin yara su ci, a kuma ajiye samfurin kowane girki a firiza mako biyu don bincike.

Ma'aunin da ya fi kusa da halinmu na Indiya ne. Shirinsu na ƙasa ya fara a 1995, kotun ƙoli ta tilasta dafaffen abinci a 2001. Ga ɗan firamare a rana: giram 100 na shinkafa ko alkama, 20 na dangin wake, 50 na ganye da kayan miya, 5 na mai. In muka ɗora kan yara 300, hatsi kilo 30 ke nan, wajen tiya 12 in an ɗauki tiya a kilo biyu da rabi. Wake kilo 6, kusan tiya biyu da rabi. Mai lita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Ganye kilo 15. A watan da aka yi kwana 20 ana karatu, hatsi buhu shida na kilo 100, wake buhu ɗaya da ƴan tiyoyi. Surfe da niƙa suna cin nasu rabo, don haka abin da ya fi sauƙin faɗa wa iyaye shi ne tiya ɗaya ga kowane yaro a wata. Ku tara da kaka, Oktoba da Nuwamba, lokacin da hatsi ke hannu. Wanda ya bari sai bazara ba zai samu ba, farashi ya hau, rumbu ya yi ƙasa, kantin ya mutu a daidai lokacin da yara suka fi jin yunwa.

Lissafin nan bai haɗa da itace, kuɗin niƙa, gishiri da ladan masu dafuwa ba, kuma su ne ake mantawa. Mata masu aikin sa kai suna ɗaukar wata ɗaya ko biyu, daga nan sai sana'arsu ta kira su. A yanka masu wani abu tun farko, ko da hatsi ne.

Ajiya ita ce wurin haɗari. A jihar Bihar ta Indiya a 2013 yara 23 suka rasu saboda man girki ya gurɓata da maganin ƙwari. Kada bidon da ya taɓa ɗaukar maganin gona ya shiga madafi ko an wanke shi sau goma, kuma kada taki ko magani su kwana ɗaki ɗaya da abinci. Wake a sa shi cikin buhun PICS mai ciki uku, a bushe shi sosai, a matse iska, a ɗaure kowane ciki daban. Ƙwari na mutuwa ba tare da magani ba, amma in leda ta huje aikin ya lalace. Buhuna su hau katako, kada su jingina da bango. In za a sa gyaɗa a kunu, a tsince mai fumfuna da wadda ta yi baƙi a zubar. Abinci a ci shi cikin awa biyu da saukewa, ragowa ba ta kwana. Littafin shiga da fita kuma mutum biyu su sa hannu, makulli a hannun na uku.

Murhu ya yi nesa da azuzuwan zana, a ɓangaren da iska ba ta kaɗa tartsatsi wajensu. Ba wanda ya manta gobarar Nuwamban 2021 a nan Maradi da ta cinye yara sama da 20 cikin ajin zana. Ramin shara ma kada a cinna masa wuta yara na lakwal.

Sakataren CGDES

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Buhu shida a wata ya fi ƙarfinmu bana. In muka ce kunu kawai, kwana biyu a mako, yana da amfani ko mu haƙura? Wa kuma za a fara ba?

Ma'ajin Kantin

Yana da amfani Malam, musamman in an ba da shi lokacin hutun safe, domin da yawa ba su karya ba suke fitowa. Ku fara da ƴan CI da CP. In su 100 ne, a giram 50 na gari ga kowane kofi, kilo 5 ke nan, tiya biyu a rana, tiya 16 a wata, ban da gyaɗa da sukari. Kowane yaro ya zo da kofinsa mai alama. Babba ne ke ɗaukar tukunya mai zafi ya kai bakin aji, ƴan CM biyu su wanke hannu su zuba da ludayi ɗaya don awo ya zo daidai, ƙananan na zaune a layi. Ku tsayar da ranakun, misali Litinin da Alhamis, kada a riƙa sauyawa, sannan malamai su riƙe rajistar zuwa ta waɗannan ranaku daban. Ita za ku nuna wa babban taron iyaye da ma'aikatar magajin gari in kun zo neman ƙari baɗi.