Dan Allah wane irin kaki ne wannan a jikin kakanmu?

Maman Hanif: Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masana tarihi na gidan nan ku taimaka min. Muna gyaran dakin Hajiya kakata bayan rasuwarta (Allah ya jikanta) sai muka samu hoton nan a kasan akwatin karfe an nade shi da tsohon kallabi, mijinta ne wato kakanmu na wajen uba, ni ban taso na same shi ba. Gashi na dora amma nasan bai fita sosai ba shi yasa zan kwatanta. Yana tsaye ne da riga mai aljihu biyu a kirji, ya nade hannun rigar, wandon dogo ne an tsuke kasan, ga takalmi sau ciki, kansa da wata malafa mai fadi an dage gefe daya sama. A damtsensa akwai igiya biyu, saman su kuma wani kyalle da zanen wani abu baki mai kafafu kamar kaguwa ko kunama. To yanzu gardama ta kaure a gida, Baffa yace dan dokan En'e ne saboda yana tuna wata jar dara da ake ajiyewa a dakin, Gwaggo kuma ta rantse sojan Faransa ne tunda asalinmu wajen Jibiya ne kuma yana da dangi a Maradi, ni dai na rasa na wa zan dauka.

Abu Sadik: Wslm Allah ya jikan magabata. Dan doka ne wannan ai, kakana ma yayi.

Baban Ummi: Haba Abu Sadik dan doka da malafar daji da sau ciki? Dan doka yana cikin gari yana bin masu kin biyan haraji da yan caca, me zai yi da wannan shiga. Soja ne kawai, sai dai a tambaya na wa.

Malam Tarihi: Wa alaikumus salam Maman Hanif. Na buɗe hoton na ƙara girmansa, abin da kika gani a kafaɗar ba ƙaguwa ba ce, gizo-gizo ne, ki ƙirga ƙafafun za ki ga takwas kuma kansa na kallon ƙasa. Wannan tambarin Runduna ta 81 ce ta sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, a lokacin yaƙin Hitila, baƙin gizo a kan ƙyalle ruwan ɗorawa. An kafa rundunar a 1943, kwamandanta Janar Woolner shi ya zaɓi gizon daga tatsuniyoyin Asante inda suke kiransa Anansi, mai wayon da yake cin galaba a kan waɗanda suka fi shi ƙarfi, wato dai Gizon namu na Ƙoƙi. Igiya biyu kuma kofur ne, ɗaya las kofur, uku saje. Da Runduna ta 82 ce da kin ga mashi guda biyu a gicciye a kan gammo, su sai 1944 suka isa Indiya.

Amma kar ku yi saurin cewa ga bataliyarsa, domin 81 ɗin haɗaka ce. Birged ta 5 mutanen Gwalkwas ne wato Ghana ta yau, birged ta 6 ta haɗa 'yan Gambiya da Saliyo da bataliya ta 4 ta Najeriya, sai birged ta 3 wadda 'yan Najeriya ne zalla, bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12, su kuma an cire su an haɗa su da dakarun Chindit na Janar Wingate waɗanda suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944. Sauran suka shiga kwarin Kaladan, wurin da ba hanyar mota sai da suka sare daji da adda suka buɗe hanyar jif ta fiye da mil 70, abinci da harsashi kuma jirgin sama ke jefo musu. Ga kuma dubban 'yan dako waɗanda su ma sojoji ne da lamba da kaki, aikinsu ɗaukar kaya a ka ta kan duwatsun da alfadari ma ke shan wahala, mutanen arewa da yawa a nan suka yi aiki kuma ba a cika maganarsu ba, abin da ni yake ba ni haushi don in babu su rundunar ba ta motsawa.

Maman Hanif: Ikon Allah! Malam na kirga wlh takwas ne. To jar darar da Baffa yake fada fa?

Malam Tarihi: Baffa bai yi ƙarya ba, ya dai ɗauko hujjar da ba ta raba gardama. Jar dara mai tuntu tana cikin kayan faretin sojan RWAFF, wato rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma, da 'yar shara ja mai ado ruwan ɗorawa a baki, da jar ɗamara da gajeren wando na kaki. Wanda ya shiga soja tun kafin yaƙi ko ya zauna bayan an dawo zai iya mallakarta. Hula ita kaɗai ba ta nuna komai a hotunan zamanin nan, kowa jar hula yake sawa.

Dan Damagaram: Gaskiya ne wannan, mu ma nan Nijar tsofaffin sojin Faransa da ake ce ma tirayer jar hula suka sa, kakan babana ansiyan kwambatan ne wato tsohon soja, muna da hoto nai. Amma alamar su daban take, kugiyar jirgin ruwa ce wadda ake kira anga, ita ce ta sojin mulkin mallakar Faransa, kuma suna nade kwabri da kyalle har gwiwa. Malafa mai dagaggen gefe kam ta Ingilishi ce. Ki ce ma Gwaggo tayi hakuri, sai dai abinda ta fada na dangi a Maradi bai hana ba, mutane da yawa sun ketara iyaka a lokacin suna gudun aikin tilas na Faransa wasu kuma suka fada sojan Ingilishi can.

Hajiya Mai Atamfa: Ni ba tarihi na sani ba amma yata dan girman Allah kar ki kai hoton nan a yi masa laminatin, mun yi haka da na mahaifinmu zafin injin ya cinye fuskar har yau ina jin ciwon abin, kuma ba a iya cirewa. Kar ki goge da ruwa ko tsumma mai danshi. Ki sa shi tsakanin farar takarda guda biyu cikin ambulan ki ajiye inda ba rana ba zafi.

Abba Waya: Anty turo min ta inbox in sa masa kala da AI ya fito fes kamar jiya aka dauka

Baban Ummi: Abba bari wannan tukuna. Manhajar nan hasashe take yi, zata iya maida kakin shudi ta goge gizon ta zana masa wani abu daban, ta ma canza masa hanci, karshe a zo ana gardama akan abinda kwamfuta ta kirkira. Maman Hanif ki kai shagon da suke da sikana a dauka da karfi sosai gaba da baya, bayan ma yafi muhimmanci wani lokacin don masu daukar hoto suna buga hatiminsu da sunan gari, in kika ga Bombay ko Madras kin san a Indiya aka dauka, da yawa sun dauki hoto can suna jiran jirgin ruwan da zai dawo da su gida bayan an gama yaki a 1945, wasu sai 1946 suka iso.

Tsohon Saje: Yarinya Allah ya yi miki albarka da kika damu da wannan. Ni na yi aikin soja na yi ritaya kuma na zauna a barikin Dalet a Kaduna shekaru ban san sunan daga Bama ya zo ba sai da wani samanja ya gaya mana, haka Kalapanzin, haka barikin Chindit na Zariya, haka Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, in ban da Chindit da yake sunan dakaru ne duk sunayen wuraren da irin su kakanki suka sha wuya ne. Shawarata ki koma akwatin nan ki zazzage shi tas, ki nemi karamin littafin sallama ko takardar fansho ko kwandala mai rami da ake ratayawa a wuya, abinda kike nema lambarsa ce, ta yan Najeriya tana farawa da NA ta Gwalkwas da GC. In babu lamba wahala zaki sha domin sunaye irin Musa Katsina da Garba Kano sun cika rajista, Bature sunan mutum da garinsu kawai yake rubutawa, wasu ma ba sunan gaskiya suka bayar ba don kar iyaye su zo su cire su. In kin samu lambar ki je ofishin kungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiharku, sannan gidan adana takardun tarihi na kasa da ke Kaduna da Arewa House. Lambar girma kuma in tauraro ne mai tsini shida da kirtani ja a tsakiya da shudi da ruwan lemo a gefe to ta Bama ce.

Ummu Aisha: Mu kanin kakarmu ya tafi bai dawo ba, ko gawa ko labari, har ta rasu tana cewa yana Makka ya zauna. Akwai inda ake duba irin su?

Malam Tarihi: Akwai 'yar uwa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da shafi a intanet, kyauta ne, ki sa sunansa ki zaɓi yaƙin duniya na biyu. Waɗanda ba a ga gawarsu ba an rubuta sunayensu a bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Ki gwada rubutun sunan kala-kala, Amadu da Ahmadu, Momo da Mamman, don yadda kunnen Bature ya ji haka ya rubuta.

Maman Hanif: Na gode kwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Baba Saje na koma akwatin, ba littafi ba kwandala amma Gwaggo tace akwai wata jakar fata da babban wansu ya tafi da ita Kaduna tun rabon gado, gobe in sha Allah zan kira dansa. Bayan hoton akwai hatimi ya dushe, harafin farko kamar M. Baffa dai har yanzu yace shi bai yarda ba sai ya ga takarda, wai ta yiwu bayan ya dawo ne ya shiga dan doka.

Tsohon Saje: To wannan kam Baffa zai iya yin gaskiya, En'e ta dauki yan Bama da yawa aikin dan doka da masinja bayan sallama tunda sun iya fareti. Ki tambayi dan wan nasu jakar tukuna, in ta fito ki dauko mana hoton duk takardar da ke ciki, amma ki rufe lambar da yatsa kafin ki dora a nan, ki turo min ita ni da Malam ta gefe.