Robin des Bois: an yi shi da gaske ko tatsuniya ce?

Baban Nafi'u, Birni:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona ya kamu da wani fim na zane a tele, labarin Robin des Bois, wanda mutanen Ingila ke kira Robin Hood. Jiya bayan isha'i ya tsare ni: "Baba, in ɓarawo ya ba talaka abin da ya sato, yana da lada?" Na ce masa haram ba ta zama halal don an yi sadaka da ita. Sai ya ce ai mutumin an yi shi da gaske. Masana tarihi, ku taimaka mini. An yi shi? A zamanin wane sarki?

Mushe Ila, Zango:
Wa alaikumus salam Baban Nafi'u. Tarihi nake koyarwa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan shi ne rabon dukiya ga talakawa ba shi ne asalinsa ba.

Sunan dai tsoho ne. A takardun shari'a na birnin York, a 1226, akwai wani Robert Hod da ya gudu wa hukuma aka ƙwace kayansa. A 1262 kuma wani magatakarda a Berkshire ya rubuta sunan wani mai laifi da ya tsere a matsayin "Robehod", alamar sunan ya riga ya zama laƙabin duk wanda ya shiga daji. Wajen 1377 mawaƙi William Langland ya kawo wani malalacin limamin coci da ke cewa bai iya addu'arsa da kyau ba, amma ya haddace waƙoƙin Robin Hood.

A tsofaffin waƙoƙin Robin ba ɗan sarauta ba ne, ɗa ne mai cin gashin kansa, kuma a doguwar waƙar da aka buga wajen 1500 dajinsa Barnsdale ne a Yorkshire, sarkin kuma Edward. Alherin da ya yi a cikinta rance ne: fam 400 ga wani jarumi da shugaban gidan ibada na York zai ƙwace wa ƙasa. Sai a 1521 wani masanin Sikotland, John Major, ya kai shi zamanin Sarki Richard, a 1598 kuma marubuci Anthony Munday ya naɗa masa sarautar Huntingdon a wasan kwaikwayonsa. Kowane zamani ya ɗinka masa rigar da yake so.

Maman Zara:
Mushe, ka manta da jini. A wata waƙar da aka rubuta wajen 1450, yaran Robin sun kashe malamin coci, suka haɗa da ƙaramin yaron da ke masa hidima don kada ya tona su. Wannan ba za a nuna wa yara a tele ba. Ni abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ɗan Sabongari:
Hajiya, da gaskiyarki, amma ku duba ɓangaren talaka. Bayan 1066, shekarar da Sarki William ya ci Ingila da yaƙi, sarakuna sun keɓe dazuzzuka wa kansu, har an rubuta cewa a zamanin William wanda ya kashe barewar sarki makantar da shi ake yi. Sai a 1217 aka soke kisa da yanke gaɓa a kan laifin farauta. Mutumin da yake kallon nama a daji ga yunwa a gida, yaya ba zai so maharbin da ya ci barewar sarki ba?

Mushe Ila, Zango:
Haka ne ƙanena, nan ne tushen farin jininsa. Amma ka lura, a waƙoƙin farko ba da sarki yake faɗa ba. Abokan gabarsa hakimin Nottingham ne da manyan malaman coci masu tara dukiya. Da ya gane sarki a cikin daji durƙusawa ya yi, ya nemi afuwa, aka kuma yafe masa.